Hoto 8,000 Don Ƙwaro Ɗaya: Yadda Levon Biss Ya Shiga Harkar Tara Fokas

A shekarar 2014, bayan sanyi ya saki mutanen Ingila, wani yaro ya tsinci ƙwaro a lambun gidansu ya kai wa babansa. Irin ƙwaron nan ne mai duhun jiki da ke yawo ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen ganye, wanda mutum zai taka ya wuce bai ma san ya yi ba. Uban, Levon Biss, ya daɗe yana cin abinci da kyamara. 'Yan ƙwallo da taurarin fim yake ɗauka, manyan mujallu suna bugawa. Yaron yana da ɗan madubin duba ƙananan halittu, irin wanda ake saya wa 'yan makaranta, sai suka ɗora ƙwaron a ƙarƙashinsa suka leƙa. Ashe bayan nan da ake gani baƙi sumul cike yake da ramuka da tuddai da ɗige-ɗige masu sheƙi. Daga nan Biss ya ƙudura sai ya ɗauki wannan halitta hoto, kuma da irin hasken da yake haska fuskar mutum a situdiyo.

A watan Mayun 2016 Gidan Tarihin Halittu na Jami'ar Oksfod ya buɗe baje kolin hotunansa mai suna Microsculpture. Ƙwari 37 ya ɗauka a wannan aiki. Kowane hoto an haɗa shi ne daga hotuna 8,000 zuwa 10,000, ya ci masa mako uku ko fiye, wasu kuma an buga su da tsawon mita uku, har ƙafar ƙwaro ta fi hannun mai kallo.

Lambar nan ta 8,000 ita kowa yake riƙewa, ita ce kuma take kashe wa mai son farawa gwiwa. Ni kuwa da na bi aikin daki-daki, sai na ga ba a nan gizo yake saƙar ba. Yawan hotunan aikin inji ne. Abin da ya wahalar da Biss, wanda kuma zai wahalar da duk wanda ya fara, yana faruwa ne tun kafin a danna kyamara.

Me ya sa hoto ɗaya ba ya isa

Wanda ya taɓa matsar da kyamarar waya kusa da ƙuda ya san matsalar: ido ya fita, fiffike ya dushe. Gilashin kyamara yana kafa fokas ne a shimfiɗa ɗaya tak, kamar takardar da aka tsayar a gabansa. Abin da ke dab da takardar, gaba da baya, yakan fita tas, sauran kuwa yana dushewa gwargwadon nisansa. A hoton biki kaurin wannan yanki yana iya kai mita biyu ko uku, shi ya sa amarya da ƙawayenta duk suke fita. Da an fara matsowa sai yankin ya riƙa sirancewa, kuma da sauri yake yi. Idan girman abu a kan sensar kyamara, wato farantin da hoto ke sauka a kai, ya yi daidai da girmansa na zahiri, wanda masu sana'ar suke kira 1:1, ƙofar hasken gilashin kuma tana f/8 (lambar in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi), yankin da zai fita bai wuce milimita ɗaya ba. Ƙudan gida tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne. A ninki biyu da f/5.6, abin da ya rage rubu'in milimita ne. A ninki goma, inda Biss ya je, maganar ta koma ta maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma yankin da ƙyar yake kai maikuron 10. Silin gashin kai kaurinsa wajen maikuron 70 ne. Ke nan sai an tsaga gashi ɗaya gida bakwai kafin a sami kaurin abin da ke fita a kowane hoto.

Mai hoto zai ce ai da sauƙi, a tsuke ƙofar haske. A hoton yau da kullum haka ake yi. Sai dai haske idan ya bi ta ƙaramar kafa bajewa yake yi, kamar ruwan da ya fito daga tsagar madatsa, sai kowane ɗigo na hoton ya zama tabo mai faɗi. A kusa kuma abin ya fi muni, domin ainihin ƙofar da ke aiki ita ce lambar da aka saita sau yawan ninkin da ƙarin ɗaya. Wanda ya sa f/16 a 1:1, f/32 yake aiki da ita. A ninki biyar, f/16 ɗin nan ta zama f/96, hoton ya yi laushi ko'ina kamar an shafa wa gilashin mai. A buɗe ƙofa, yanki siriri ne ya fita. A tsuke, komai ya dushe tare. Gaba kura, baya sayaki.

Mafitar ita ce a bar ƙofar a inda gilashin ya fi kaifi, a yi ta ɗaukar ƙwaron yanka-yanka kamar mai yanka albasa, daga abin da ya fi kusa zuwa wanda ya fi nisa, kowane yanka yana ɗan hawa kan na bayansa. Sai a miƙa wa manhaja tarin, ta daidaita su, ta tsinci wurin da ya fita a kowanne, ta haɗa hoto guda. Wannan shi ne tara fokas.

Ba Biss ne ya ƙirƙiro shi ba. Masana ƙwari sun riga shi da shekaru, hotunan tururuwa na AntWeb, na Kwalejin Kimiyya ta Kalifoniya, da wannan dabara aka yi su. Manhajoji ma suna nan: CombineZ ta Alan Hadley da ake rabawa kyauta, Helicon Focus ta wani kamfani a Yukren, Zerene Stacker ta Rik Littlefield a Amurka, Photoshop kuma ta sami wannan aiki tun fitowar CS4 a 2008. Kai, har motar bincike Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a 2012, kyamarar da ke hannunta tana iya haɗa hotuna har takwas na dutse ɗaya tun a can, ta aiko da guda, don rage nauyin saƙo.

Kayan da ya haɗa

Kyamarar Nikon ce mai megafiksel 36. A gabanta ya sa gilashi mai milimita 200, a bakin gilashin kuma ya ɗaura idon madubin ɗakin gwaji mai ninki goma. Haɗin yana da dalili. Idanun madubai na zamani ba sa kammala hoto da kansu, haske suke fitarwa a miƙe, sai wani gilashi na biyu ya tattara shi ya zuba kan sensa. Irin na Nikon da Mitutoyo an ƙera su ne don gilashi na biyun ya zama mai milimita 200, a nan ne ninki goman yake zama goma cif. Wato tsohon gilashin ɗaukar abu daga nesa shi ya zama bututun madubi.

Duk wannan ya ɗora shi kan layin ƙarfe mai mota. Motar ta tura kyamara gaba da maikuron 10, ta tsaya girgiza ta lafa, filasha ta haska, a ɗauka, ta sake turawa. Filasha a nan ba don haske kaɗai aka sa ta ba. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, tana daskarar da motsi, domin a ninki goma takun mutum a ɗaki ko wucewar mota a titi sun isa su ɓata hoto.

Yanzu ga lissafin da ke sassauta lambar 8,000. Sensar irin wannan kyamara faɗinta milimita 36, tsayinta 24. A ninki goma, abin da take gani a lokaci guda milimita 3.6 ne da 2.4, kamar ƙwayar dawa guda. Ƙwaro mai tsawon santimita ɗaya ko biyu ba zai shiga ba. Dole Biss ya raba shi gida-gida, wajen 25 zuwa 30 gwargwadon girmansa: ido daban, ƙaho daban, kowace ƙafa daban, fiffike kashi-kashi. A raba 8,000 gida 30, kowane gida ya tashi da hoto wajen 270. A ninka 270 da maikuron 10, an sami milimita 2.7, daidai zurfin kan ƙwaro ko kumburin bayansa. Ashe babu wani tari mai hoto 8,000. Tari talatin ne na hoto ɗari biyu da wani abu, irin wanda masu sha'awa da yawa suke yi a teburin ɗakinsu. Daga baya ne ya ɗinka gidajen talatin a kwamfuta kamar mai haɗa faci, ya tsaya kan kowane ɗinki har ya ɓace.

Haske

A nan shekarun da ya yi yana ɗaukar fuskokin mutane suka yi masa rana. Tunda kowane gida daban ake ɗaukarsa, sai ya riƙa sauya haske ga kowanne. Idon ƙuda kumburarre ne mai santsi, yana son haske mai faɗi da taushi wanda zai lulluɓe shi ba tare da ya bar farin tabo ba. Ƙafa mai gashi tana son hasken da zai zo daga gefe ko baya, ya fito da kowane sili. Fiffike shara-shara ne, hasken da ya dace da ƙafa zai ratsa shi ya wuce. Mai hoton mutum ba shi da wannan dama, ba zai haska hanci daban kunne daban ya haɗa ba. Biss ya same ta, ya kuma ci moriyarta har ƙarshe.

Jikin ƙwaro da yawa madubi ne. A haska shi da filasha tsirara, abin da za a samu shi ne farin ɗigo mai ƙona ido da baƙin duhu a kewaye. Wurin da haske ya ƙone kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi, domin babu komai a cikin hotuna 270 ɗin da za ta tsinta. Ƙari ma take yi, ta zagaye tabon da wani farin rawani, saboda a hotunan da fokas bai kai wurin ba tabon ya kumbura ya mamaye maƙwabtansa. Maganin shi ne a sa wani abu fari mai tace haske tsakanin filasha da ƙwaro, a matso da shi kusa sosai, yadda ƙwaron zai zama kamar yana ƙarƙashin sararin da hadari ya rufe.

Akwai kuma maganar launi. Koren nan da shuɗin nan masu walƙiya da ake gani a bayan wasu ƙwari, da yawansu ba rini ba ne. Siraran shimfiɗu ne a jikin ɓawon da ke karya haske, shi ya sa launin yake sauyawa in an juya ƙwaron. A matsar da fitila da ɗan yatsa, kore ya koma ruwan zinare. Wanda zai ɗinka gida talatin dole ya sa ido launin gida na bakwai ya yarda da na takwas, in ba haka ba ɗinkin zai tona kansa. Sunan baje kolin ma, Microsculpture, daga bakin masana ƙwari aka aro shi, kalma ce da suke nufin ƙananan sassaƙe-sassaƙen da ke kan ɓawon ƙwaro da ita, ramuka da layuka da ƙuraje waɗanda suke bambance jinsi da jinsi. Irin wannan sassaƙa ba ta fitowa sai haske ya zo a karkace ya jefa mata inuwa.

Ƙwaro mai tsabta

Da ya gama da ƙwarin lambunsa sai ya ɗauki hotunan ya nufi Oksfod. Gidan tarihin an buɗe shi tun 1860, tarin ƙwarinsa kuma ya samo asali daga kyautar da Frederick William Hope ya yi wa jami'ar a 1849. Yau adadinsu ya haura miliyan biyar. Masanin ƙwari Dokta James Hogan ya ga hotunan, ya buɗe masa ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari: Hogan ne ya riƙa bin aljihunan katako yana zaɓo waɗanda za a ɗauka, yana tsabtace su yana gyara musu zama.

Mutum zai ɗauka cikin miliyan biyar zaɓi ba zai yi wuya ba. Amma ƙwaron da ya yi kyau a ido, a ninki goma sai a tarar ƙaho ya karye, gashi ya kwanta, maiƙo ya tsatso daga ciki ya ɓata launi, ƙura ta zauna a kowane lungu. Ƙwayar ƙura ɗaya a hoton mita uku dutse ce. Galibin waɗanda aka duba ba su tsallake ba. Cikin waɗanda suka tsallake akwai buzuzu mai wuyan ado daga Madagaska, da wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni ɗan asalin Afirka wanda jikinsa ke rufe da ƙananan ɓawo masu launi irin na fiffiken malam-buɗe-littafi, waɗanda taɓawa kaɗan take goge su. Akwai kuma wani ƙwaro mai bayan garkuwa da Charles Darwin ya kamo a Ostireliya lokacin tafiyar jirgin ruwan Beagle a 1836. Wannan ma an amince wa Biss ya tafi da shi gida. A tuna cewa allura ce kawai ke riƙe da shi, kuma a lokacin ya yi wajen shekara 180 da bushewa.

Ba na jin masu farawa suna ba tsabta rabin muhimmancin da ya kamace ta. Minti goma da burushi mai laushi da robar hura iska sun fi awa uku ana goge ƙura a kwamfuta. Mu da muke da hunturu kuwa, wanda ƙurarsa ke shiga har cikin akwati a rufe, abin ya ninka.

Inda manhaja take tuntuɓe

Manhajojin nan hanya biyu suka fi bi. Ta farko tana duba kowane wuri a hoton ta ce wane yanka ne ya fi kaifi a nan, ta zana taswirar zurfi, ta ɗauko kowane wuri daga yankansa. A Zerene sunanta DMap, a Helicon hanya ta B. Tana riƙe launi da santsi yadda suke, amma in gashi ya gitta kan gashi sai ta rikice. Ta biyu tana rarraba kowane hoto daga manyan siffofi zuwa ƙanana, ta tsinci mafi kaifi a kowane mataki. Ita ce PMax a Zerene, hanya ta C a Helicon. Gwana ce wajen gashi da ƙaya, sai dai tana ƙara yashi-yashi a hoto, tana kuma tsananta baƙi da fari. Masu aikin sukan yi duka biyun, su ɗauki jiki daga wannan, gashi daga waccan.

Kurakuran da ke fitowa sanannu ne, kowanne da mafarinsa. In taku ya yi faɗi, za a ga layuka dusassu suna ratsa hoton kamar zanen tabarma, wuraren da babu yankan da ya kama. Wannan ba shi da gyara sai a sake ɗauka. In akwai ƙura a kan sensa, ɗigo ɗaya zai zama dogon layi kamar sawun tsutsa, saboda manhaja tana ɗan sauya girman kowane hoto don su dace, ɗigon kuma yana matsawa. In ƙaho ya tsaya a gaban ido, sai ƙahon ya fito shara-shara ana hango idon ta cikinsa. Na ƙarshen nan da hannu ake gyara shi, a koma cikin tarin a nemo yankan da ƙahon ya fita, a shafo shi a kan hoton ƙarshe. Aikin da ke cin dare ke nan.

Mai farawa

Kuskuren da ake yi shi ne a ga hoton Biss a tafi neman idon madubi mai ninki goma. Can ne komai ya fi tsanani: girgiza, ƙura, haske, tazarar da ke tsakanin gilashi da ƙwaro. A fara a 1:1 ko ƙasa da haka. Gilashin makro, wato na ɗaukar abu daga kusa sosai, in akwai, in babu a sa zoben ƙara tsawo tsakanin kyamara da gilashin da ake da shi, ko a sami zoben da ke juya gilashi mai milimita 50 baibai, ko a maƙala gilashin ƙari irin Raynox a gaba. A fara da abin da ba ya motsi kuma ba a jin asararsa: tsabar kuɗi, kan ashana, kanumfari, ƙudan da ya mutu a bakin taga, ko ƙwaron wake, wanda ba sai an je nemansa ba a gidan da aka ajiye buhu.

A ɗauki misalin ƙudan nan. An soke shi da allura ta ƙasa, an kafa allurar a guntun soso, ya fuskanci kyamara a ɗan karkace. Kyamara tana kan ƙafarta a ɗaure tam, ko ma an ɗaure ta da abin da ke riƙe ƙudan a katako ɗaya, wanda ya fi, domin in sun girgiza tare za su girgiza. An yanke gindin farin kofin roba an kifa a kan ƙudan, an buɗe gefe ɗaya don gilashi ya leƙa, fitila tana haska kofin daga waje. Komai na kyamara an mai da shi na hannu: gudun shata, ƙofar haske a f/8, ISO 100, daidaiton fari. In an bar ko ɗaya kyamara tana zaɓa da kanta, hoto na uku zai fi na tara haske, manhaja ta haɗa dabbare-dabbare. An kashe fanka. Ba a taɓa maɓalli da yatsa, a sa jinkirin daƙiƙa biyu ko a danna daga waya. Tunda yankin da ke fita wajen milimita ɗaya ne, taku ya zama kamar kashi biyu cikin uku na milimita, don kowane yanka ya hau kan ɗan'uwansa. A fara tun kafin gashin da ya fi kusa ya fita, a ci gaba har a wuce ƙarshen fiffike. Hoto 12 zuwa 15 sun gama ƙudan.

Matsar da fokas hanya biyu ce: a juya zoben gilashi, ko a tura kyamarar gaba ɗaya. Ga abu mai ɗan girma kamar fure ko fara, juya zobe ya fi, domin tura kyamara yana sauya yadda gaba da baya suke haɗuwa a ido. Daga 1:1 zuwa sama layin ƙarfe ya fi dacewa. Na hannu mai sukurun murɗawa ya isa har ninki biyu ko uku. Mai mota, irin StackShot ko WeMacro, sai an kai inda yatsa ba zai iya auna takun ba. Kyamarori da yawa yanzu suna yin takun da kansu: Olympus ta sa wa E-M1 wannan a 2015, Nikon ta zo da shi a D850 a 2017, Canon a EOS RP a 2019. Mai irin waɗannan ya duba jerin saitin kyamararsa kafin ya kashe ko kwabo. Manhaja kuma akwai ta kyauta kamar Picolay, Helicon da Zerene ma suna ba da lokacin gwaji.

Dabara ɗaya da ke ceton rai: kafin kowane tari a ɗauki hoton tafin hannu ko baƙar takarda. In an dawo da hoto 600 a kati, ita za ta nuna inda wannan tari ya ƙare wancan ya fara.

Ƙwaro mai rai a daji wani karatu ne daban. Masu yi suna fita da sassafe lokacin da sanyi ya hana shi motsi, su riƙe kyamara a hannu su ɗauki biyar ko goma a jere suna ɗan sunkuyawa gaba. Ƙaho ya motsa sau ɗaya, a hoton ƙarshe sai a ga ƙaho uku.

Hoton da ido bai taɓa gani ba

Akwai tambayar da ba zan tsallake ba. Hoton da aka haɗa daga dubban yankuna, aka haska kowane gida da nasa hasken, aka cire allura, aka sa baƙin bango, shin hoton ƙwaron ne? Babu wani lokaci da ƙwaron ya kasance a haka gaban kowa. Masani in ya leƙa madubi, siririn yanka yake gani, yana murɗa fokas sama da ƙasa, ƙwaƙwalwarsa tana haɗawa. Ni a wurina manhajar aikin ƙwaƙwalwar nan take yi, kuma muddin ba a ƙara gashin da babu ko an sauya launi ba, kowane rami da ke hoton yana jikin ƙwaron. Inda nake ɗan ja da baya shi ne hasken. Hasken Biss na gwaninta ne, an zaɓe shi don ya burge, kuma wanda zai tantance jinsi wani lokaci ya fi son haske mara ado wanda bai fifita wani sashe ba. Gidan tarihin dai ya ga amfanin abin, domin ƙwarin da ke kulle a aljihun katako, waɗanda sai masu bincike suke gani, sun fito bango inda ɗan makaranta zai tsaya ya ƙirga gashin ƙafarsu. An kuma sa hotunan a intanet yadda mai kallo zai yi ta kutsawa ciki har ya kai ɗaiɗaikun ɗakunan ido.

Biss bai tsaya nan ba. Ya yi irin aikin a kan 'ya'yan itatuwa da iri na Lambun Tsirrai na Edinbara, sannan a 2022 Gidan Tarihin Halittu na Amurka da ke Niyu Yok ya buɗe baje kolin hotunansa 40 na ƙwarin da suka ƙare ko suke dab da ƙarewa. Cikinsu akwai wani ɗan shuɗin malam-buɗe-littafi mai suna Xerces, wanda yake rayuwa a tudun yashi na bakin tekun San Faransisko. Gine-gine suka cinye yashin da tsirran da tsutsarsa ke ci, rabon da a gan shi yana tashi tun farkon shekarun 1940. Waɗanda suka rage suna soke da allura a aljihunan gidajen tarihi, ɗaya daga cikinsu ne aka ɗora gaban layin ƙarfen Biss, kyamara tana matsowa kaɗan-kaɗan.